Faifan Nesa Ba Na Ɗan Koyo Ba Ne

A wannan fili an sha yin rubutu a kan ƙwallon ƙafa da dambe da kokawa da guje-guje. Ni kuwa yau na ɗauko wani wasa wanda bai yi suna a wajenmu ba, amma a Amurka da waɗansu ƙasashen Turai ya zama ruwan dare, wato golf ɗin faifai. Maganata za ta tsaya ne a kan abu guda daga cikin kayan wasan, wanda ake kira faifan nesa: yadda yake tashi cikin iska, da yadda yake yi wa mai shi a fili, da kuma dalilin da ya sa nake ganin masu koyo suna cutar kansu da suke rige-rigen sayensa tun hannunsu bai faɗa ba.

Yadda ake wasan ba shi da wuyar ganewa. Akan sami fili mai faɗi, sau da yawa wurin shaƙatawa mai itatuwa da tuddai da tafkuna, a kakkafa kwanduna 9 ko 18 nesa da juna. Kowane kwando na ƙarfe ne, an ɗora shi a kan sanda, an kuma rataya sarƙoƙi a samansa domin su tare faifai ya faɗa ciki. Ɗan wasa yakan tsaya a inda aka shata, ya jefa faifan roba wajen kwandon, ya je inda ya faɗi, ya sake jifa daga nan, har faifan ya shiga. Ana ƙirga kowane jifa. Wanda ya gama zagaye kwandunan duka da jifa mafi ƙaranci shi ne ya ci. Mai karatu, ka riƙe wannan da kyau, domin a kansa maganata ta dogara: a takardar sakamako yawan jifa ake rubutawa, babu layin da aka tanada domin nisansa.

Wasan bai daɗe a duniya ba. Wani Ba'amurke mai suna Ed Headrick, wanda ya yi aiki a kamfanin Wham-O mai yin faifan wasa na Frisbee, shi ne ya tsara filin farko na dindindin a shekarar 1975, a wani wurin shaƙatawa da ke Pasadena, cikin jihar Kalifoniya. A 1976 ya kafa ƙungiyar 'yan wasan, wadda ake kira PDGA, a 1977 kuma aka yi masa rajistar kwando mai sarƙoƙi. A wancan lokaci da faifai mai dunƙulallen baki ake wasa, irin wanda ake jefa wa juna a cafe da hannu. Sai a 1983 wani mai suna Dave Dunipace ya fito da faifai mai siririn baki kamar an fiƙe shi, aka kafa kamfanin Innova a kansa. Daga wannan faifai ne duk fayafayan nesa na yau suka samo asali. Yanzu Amurka ce ta fi kowace ƙasa yawan filayen wasan, sai Finland ke bi mata.

Ɗan wasa ba ya fita da faifai ɗaya, jaka guda yake ratayowa. Akwai faifan kusa, mai kauri da dunƙulallen baki, wanda ake jefawa cikin kwando. Akwai faifan tsakiya. Akwai ƙaramin faifan nesa. Sa'an nan ga babbansu, faifan nesa sosai, wanda a kansa nake magana. In ka kife shi ka duba ƙarƙashinsa, za ka ga tsakiyarsa sirirya ce ƙwarai, robar duk an tara ta a baki. Bakin faifan kusa bai fi santimita 1 a faɗi ba sai da kaɗan, amma na faifan nesa ya haura santimita 2. Ƙungiyar PDGA ta sa iyaka: faɗin baki kada ya wuce santimita 2.6, faɗin faifan kansa kada ya gaza santimita 21, nauyinsa kuma kada ya wuce giram 8.3 a kowace santimita ta faɗinsa. Masu son lissafi su gwada: faifai mai faɗin santimita 21.1, in ka ninka da 8.3, za ka sami giram 175 da 'yan kai. Shi ya sa yawancin fayafayan nesa ba sa wuce giram 175.

A jikin faifai ko a takardarsa akan rubuta lambobi huɗu, kuma a nan ne ɗan koyo yake fara ruɗewa. Kamfanin Innova ne ya yaɗa wannan tsari. Lamba ta fari ita ce sauri, daga 1 zuwa 14. Ta biyu shawagi, wato yadda faifan ke daɗewa a sama, daga 1 zuwa 7. Ta uku karkata, wato yadda yake kaucewa dama a farkon tafiya, daga +1 zuwa -5. Ta huɗu komowa, wato yadda yake lanƙwasowa hagu a ƙarshen tafiya, daga 0 zuwa 5. Misali, faifan nesa da ya yi suna ƙwarai, mai suna Destroyer, wanda ya fito a 2007, lambobinsa su ne 12, 5, -1, 3. Faifan kusa mai suna Aviar kuwa nasa 2, 3, 0, 1 ne. Ya kamata a sani kowane kamfani shi ne ke ba fayafayansa lamba. Ƙungiya tana auna faɗi da nauyi da tauri da kaifin baki, amma waɗannan lambobi huɗu ba ta da hannu a cikinsu.

To, ɗan koyo in ya shiga kanti ya ga 12 ga kuma 2, sai zuciyarsa ta gaya masa mai 12 zai fi zuwa nesa. Ni a ganina wannan lamba ta fari ita ce ta fi kowace yaudarar mutane. Faifai ba shi da inji. Duk gudun da zai yi daga hannun mai jifa zai samo shi. Abin da lambar ke faɗi shi ne irin ƙarfin da faifan yake bukata kafin ya tashi yadda aka tsara shi. Wato bashi ne take bin hannunka, in ba ka biya ba, sauran lambobin uku ba za su yi maka aiki yadda aka rubuta ba. Domin a gane wannan sosai, sai mun duba abin da ke faruwa ga faifai tun daga barinsa hannu har faɗuwarsa.

Faifai fiffike ne mai juyi. Samansa ya ɗan yi tudu, ƙarƙashinsa da rami, saboda haka in ya keta iska takan ɗaga shi kamar yadda take ɗaga fiffiken jirgin sama. Amma duk wanda ya taɓa wurga murfin kwano ba tare da ya murza shi ba ya san zai yi ta wuntsilawa ne ya faɗi nan kusa. Juyi ne ke riƙe faifai daidai, kamar katantanwar da yara ke murzawa a ƙasa: muddin tana juyi tana tsaye, da juyin ya mutu sai ta kwanta. Amfanin tara nauyi a baki ke nan, domin abin da nauyinsa ke gefe ya fi riƙe juyi. Siririn bakin kuma yana yanka iska, ba ta cika tare shi ba, saboda haka yakan daɗe bai rasa gudunsa ba. Waɗannan abubuwa biyu su ne sirrin nisansa.

Abu mai juyi kuwa yana da wata ɗabi'a ta ban mamaki, wadda kowa zai iya gwadawa a wajen mai gyaran keke. Ka cire ƙafar keke, ka riƙe ta ta ƙarfen tsakiya da hannu biyu, wani ya juya maka ita da ƙarfi, sa'an nan ka yi ƙoƙarin karkatar da ita. Za ka ji ta ƙi bin inda ka tura ta, ta fizge zuwa wani gefe dabam. Haka faifai yake. In iska ta danna goshinsa ƙasa, ba ya sunkuyawa, sai ya kwanta gefe guda. In ta ɗaga goshin sama, sai ya kwanta ɗaya gefen.

Bari mu ɗauki mai jifa da hannun dama, wanda ya jefa da bayan hannu, domin shi ne jifan da aka fi yi. Faifansa, in ka hango shi daga sama, yana juyi ne yadda hannun agogo ke tafiya. A farkon tafiya, sa'ad da gudu ya yi yawa kuma faifan na keta iska a miƙe, ƙarfin da ke ɗaga shi yakan faɗa bayan cibiyarsa kaɗan, ya nemi danne goshi. Sai faifan ya kwanta dama, ya fara kaucewa can. Wannan ita ce karkata. Yana tafiya gudu na raguwa, har ya fara saukowa, iska ta riƙa bugun cikinsa daga ƙasa. A nan ƙarfin ɗagawa yakan matso gaban cibiya, ya nemi ɗaga goshi. Sai faifan ya bar dama ya kwanta hagu, ya lanƙwaso har ƙasa. Wannan ita ce komowa. In ka haɗa su biyu, hanyar faifan a sama takan yi kama da harafin S. Mai jifa da hannun hagu, ko mai jifa da gaban hannu, nasa yakan zama akasin haka, domin juyin ya sauya.

A cikin wannan S ɗin ne nisa yake. Muddin karkata da komowa suna ja-in-ja, faifan yana kwance a kan iska yana cin ƙasa. Gwanayen wasan sukan saki faifai da gudun da ya haura kilomita 100 a sa'a, ga juyi mai tsabta, ba rawa ba girgiza. A hannunsu faifan nesa abin kallo ne. Yakan fita ƙasa-ƙasa kamar kibiya, ya ɗan hau sama, ya kwanta dama sannu a hankali har ka ce ya tafi ke nan, sa'an nan ya tsaya cak a sama kamar shirwa, ya juyo ya sauka inda aka nufa. A watan Maris na 2016 wani Ba'amurke mai suna David Wiggins ya jefa faifai mai suna Boss, mai nauyin giram 154, har mita 338 a hamadar Nebada, da taimakon iska mai ƙarfi. Wannan ya fi tsawon filin ƙwallon ƙafa uku a jere. Saboda haka kada wani ya ce na raina faifan nesa. Na san abin da yake iyawa in ya sami mai shi.

Yanzu kuma mu ba ɗan koyo wannan faifai. Gudun da zai ba shi wataƙila rabin na gwani ne. Tun daga barin hannu faifan yana cikin halin da na kira ƙarshen tafiya, domin bai taɓa kai gudun da zai sa ya karkata ba. Rabin S na fari ya ɓace ke nan, saura rabi na biyu. Sai ka ga faifan ya ɗaga goshi, ya yi sama kamar zai yi abin kirki, ya kwanta hagu, ya nutso ƙasa ya soki ciyawa ko ya shige cikin ƙaya. Sau da yawa in wannan mutum ya jefa faifan tsakiya, nisan da zai samu daidai yake da na faifan nesa, wani lokaci ma ya fi, ga shi kuma a miƙe. Hausawa sun ce linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Linzamin ba shi da laifi, kazar ma ba ta da laifi, mai laifi shi ne wanda ya haɗa su.

Da a ce asarar ta tsaya a kan kuɗin faifai, da da sauƙi. Abin da ya fi damuna shi ne yadda yake ɓata hannu. Mutum in ya ga faifansa kullum hagu yake yi, sai ya fara neman dabara. Ya karkatar da shi dama tun a hannu, ya murɗe wuyan hannu a lokacin saki, ya ɗaga jifan sama, ya riƙa fizga da kafaɗa iya ƙarfinsa. Faifan nesa mai yawan komowa yakan rufa wa waɗannan kurakurai asiri, domin ko yaya ka sake shi, hagu zai komo. Mai shi sai ya ɗauka ya iya. Ranar da ya ɗauki faifan kusa ko na tsakiya ya yi irin wannan jifa, sai faifan ya kife dama ya yi ta gangarawa a ƙasa. Alhali ƙarfin jifa daga ƙafafu yake tasowa, ya bi ta ƙugu da kafaɗa, hannu kuwa bulala ce kawai da ke isar da shi. Faifai mai ƙaramin sauri malami ne mai gaskiya. In ka sake shi daidai ya tafi a miƙe, in ka karkace ya nuna maka nan take. Ga kuma maganar riƙo: faɗin bakin faifan nesa yakan fi ƙarfin ƙananan yatsu, sai ya riƙa suɓucewa kafin lokaci ko ya maƙale ya fita a makare.

Ko ga wanda ya iya, faifan nesa doki ne mai yawan sauya hali. Iskar gaba takan ƙara gudun da faifan ke ji a jikinsa, sai karkata ta yi yawa, har faifan da aka saba da shi ya kife dama ya ƙi komowa. Iskar baya kuwa takan rage wannan gudu, ta danne shi ƙasa, ya komo hagu da wuri. A wurare masu tudu sosai, irin su birnin Denba na jihar Kolorado, wanda ke kimanin mita 1,600 sama da teku, iska ba ta da kauri, sai fayafayai su rage karkata. Shekarun faifai ma suna da tasiri. Sabo yakan yi taurin kai, amma in ya sha bugun itatuwa da duwatsu, bakinsa ya ci, sai ya riƙa karkata fiye da da. Robar arha takan tsufa da wuri, mai tsada takan daɗe da halinta. Shi ya sa za ka ga gwani da faifai iri ɗaya har huɗu ko biyar a jaka, wani sabo, wani tsoho, kowanne da aikinsa. Wanda bai san halin hannunsa ba tukuna, ina zai iya rarrabe laifin iska da laifin roba da laifin kansa?

Sa'an nan filin wasa ba hamada ba ne. Kwanduna da yawa a cikin kurmi aka kafa su, hanyar zuwa gare su 'yar siririya ce tsakanin itatuwa. Harafin S yana bukatar sarari hagu da dama, kurmi kuwa ba ya bayarwa. Faifan da ya fita da gudu ya bugi itace yakan yi tsalle ya faɗa inda ba a zata ba. Ko ya tsira daga itatuwa, saukarsa ma wani abu ne. Faifan kusa in ya sauka yakan zauna inda ya faɗi. Faifan nesa kuwa da gefe yake saukowa, ga kaifin baki ga saura gudu, in ƙasa ta bushe sai ya yi tsalle kamar dutsen da aka jefa bisa ruwa, ya ƙara gaba hagu. In ya fita daga iyakar da aka shata, ko ya faɗa tafkin da aka hana, a ƙara maka jifa ɗaya na tara. In ya ɓace a ciyawa, minti 3 doka ta ba ka na nema, in ba a gani ba a ƙara maka jifa ɗaya ka koma inda ka fito. Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma inda ya faɗo ɗin shi ne ke shiga lissafi.

Akwai kuma maganar da ta fi cin wasa muhimmanci, wato lafiyar mutane. Filaye da yawa a wuraren shaƙatawa suke, inda ake yawo da yara da tsofaffi. Roba mai tauri, mai giram 175, mai fiƙaƙƙen baki, tana tafe da gudun mota, in ta sami mutum a fuska ba ƙaramin rauni za ta yi masa ba. Dokar wasan ta hana jifa sai an tabbata babu wanda faifan zai iya samu, kuma al'adar 'yan wasa ce su ƙwalla kira in faifai ya nufi mutane. Amma kiran da ya fi amfani shi ne wanda ba a bukace shi ba. Wanda bai san inda faifansa zai sauka ba, bai kamata ya riƙe wanda ya fi kowanne gudu da kaifi ba.

Tarihin wasan kansa yana goyon bayana. Ken Climo na Amurka ya ci gasar duniya sau 12, tara daga ciki a jere, daga 1990 zuwa 1998, tun kafin a ƙera fayafayai masu faɗin baki irin na yau. A 2002 wani ɗan Suwidin mai suna Christian Sandström ya jefa faifai har mita 250, kuma faifan da ya yi amfani da shi, mai suna Valkyrie, lambar saurinsa 9 ce kawai. In faifai mai lamba 9 zai iya kaiwa mita 250, to wanda bai kai mita 80 ba, ba lamba ce ta tsare shi ba. Sa'an nan jifan da ya fi kowanne suna a tarihin wasan, a gasar duniya ta 2021 a jihar Yuta aka yi shi. A kwandon ƙarshe James Conrad yana bayan Paul McBeth da jifa ɗaya, ga shi kimanin mita 75 daga kwando. Ya jefa, faifan ya lanƙwasa ya faɗa cikin sarƙoƙi, suka yi kunnen doki, aka yi ƙari ya ci gasar. Faifan da ya yi wannan aiki faifan kusa ne.

Na san akwai masu ja da ni, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Wani zai ce wasa ai don jin daɗi ake yi, in mutum da kuɗinsa yana son ya ga faifai ya keta sama, ina ruwan wani? Amsata ita ce, daɗin da yake nema ɗin ne faifan ke hana shi, domin babu daɗi a yini ana tonon faifai cikin ƙaya. Wani kuma zai ce kamfanoni sun yi fayafayan nesa marasa nauyi, masu giram 150 ko ƙasa, masu yawan karkata, irin su Mamba mai lambobi 11, 6, -5, 1, domin masu ƙaramin ƙarfi. Wannan gaskiya ne, kuma suna taimakon tsofaffi da waɗanda hannunsu ya riga ya daidaita amma ƙarfi ya yi musu kaɗan. Sai dai faɗin bakin yana nan, kuma faifai marar nauyi iska ta fi wasa da shi. Na uku zai ce akwai kwandunan da ke da nisa ƙwarai, dole sai da faifan nesa. Ga mai neman kofin duniya, haka ne. Ga ɗan koyo kuwa, jifa biyu a miƙe na mita 70 sun kai shi mita 140 a tsakiyar hanya, abokinsa mai jifa ɗaya na mita 90 yana can cikin kurmi yana neman mafita.

Saboda haka ga shawarata ga duk wanda Allah ya kai shi inda ake wannan wasa, ko wasan ya iso inda yake. Ya fara da faifai biyu, na kusa da na tsakiya. Ya sami fili sarari ya yi ta jifa har ya iya sa su tafi a miƙe, su kwanta dama in ya so, su kwanta hagu in ya so. Ya koyi sakin faifai goshi a ƙasa, ya koyi tako da juya ƙugu. In faifan tsakiya ya fara kai masa mita 70 ko 80 ba tare da ya yi ta maza ba, ya ƙara da ƙaramin faifan nesa mai lamba 6 ko 7, irin su Leopard ko Teebird. Sai ranar da wannan ya riƙa kusantar mita 100 a kai a kai, sa'an nan ya ɗauki babban. A ranar zai ga faifan ya kwanta dama da kansa, ya yi shawagi, ya komo, ya san lallai ya biya bashin da lambar ke binsa.

'Yan'uwana ɗalibai, ko wanda ba zai taɓa riƙe wannan faifai ba ya san irin wannan hali a cikinmu. Akwai mai sayen babban ƙamus alhali bai gama littafin aji ɗaya ba, akwai mai neman takalmin gwanin ƙwallo tun bai iya tare ƙwallo ba. Kayan gwani an yi su ne daidai hannun gwani, kuma shi ma da rarrafe ya fara. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba. Wannan shi ne ra'ayina, wanda yake da ja kuma filin nan a buɗe yake gare shi. Allah ya ba mu haƙurin koyo, amin.